Doroti Hojkin, matar da ta gano siffar pinisilin

1. Tambayar likita

Idan aka kai maras lafiya asibiti, kafin a yi mashi allura ko a rubuta mashi magani, likita yakan tambaye shi ko akwai maganin da jikinshi ya taɓa ƙi. Wannan tambaya tana da dalili. Yara biyu suna iya kamuwa da ciwo iri ɗaya, a ba su magani iri ɗaya. Na farko ya warke cikin kwana kaɗan. Na biyu kuwa jikinshi ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini, leɓunanshi su kumbura, numfashi ya yi mashi wuya. Maganin bai lalace ba, likita kuma bai yi kuskure ba. Jikin yaron ne ya ƙi maganin.

Daga nan sai wata tambaya ta taso, wadda ta fi ta farko wuya. In jikin mutum ya ƙi pinisilin, wane magani za a ba shi? Magunguna ma suna da dangi kamar mutane. Wani magani ɗan'uwan wani ne, ko da sunansu ya bambanta, ko da launinsu ba ɗaya ba ne. Jikin da ya ƙi ɗaya yana iya ƙin ɗan'uwanshi. Wannan dangantaka ba a ganinta da ido. Tana ɓoye cikin siffar maganin, siffar da ƙanƙantarta ta kai ko madubin likita ba ya nuna ta.

Wadda ta fara gano siffar pinisilin mace ce, Baturiyar Ingila. Sunanta Doroti Hojkin. Ga labarin rayuwarta.

2. Ƙuruciyarta

An haifi Doroti a birnin Alƙahira na ƙasar Masar, ranar 12 ga watan Mayu na shekarar 1910. Ubanta, Jon Kurofut, ma'aikacin ilimi ne. Daga baya aka mai da shi Hartum, ya zama shugaban ma'aikatar ilimi ta ƙasar Sudan. Uwarta, Moli, ta san tsirrai ƙwarai, tana zana hotunansu, kuma ta ƙware wajen sanin saƙar mutanen da. Ɗiyansu huɗu ne, duka mata. Doroti ce babba.

A shekarar 1914 yaƙin duniya na farko ya ɓarke. Aka bar Doroti da ƙannenta a Ingila kusa da kakanninsu, iyayen suka koma wajen aiki. Tana da shekara huɗu a lokacin. Tun daga nan ba ta cika zama da iyayenta ba sai jefi-jefi.

Tana da kamar shekara goma aka koya masu wani abu a aji. Aka narkar da alif cikin ruwa, aka ajiye shi. Bayan kwanaki, da ruwan ya ragu, sai wasu ƴan duwatsu masu ƙyalli suka fito, kowane da kusurwoyinshi kamar an sassaƙa shi. Irin wannan abu shi ake kira kiristal. Ƙwayar gishiri kiristal ce, ƙwayar sukari ma haka. Doroti ta ga abin, ya shiga ranta, bai kuma fita ba har ƙarshen rayuwarta.

A shekarar 1921 ta shiga babbar lakol a wani ƙaramin gari mai suna Bekils. A wannan lakol ƴan maza ne ake koya ma shimi, watau ilimin sinadarai. Ƴan mata aikin gida ake koya masu. Doroti da wata ƙawarta suka nemi a bar su su shiga ajin maza. Aka yarje masu. Su biyu kaɗai ne mata a ajin.

Da ta kai shekara 13 ta tafi Hartum ganin iyayenta. Wata rana ita da ƙanwarta suna tace yashi a magudanar ruwan lambun gida, sai ta tsinci wani baƙin dutse mai sheƙi. Ta kai shi wajen wani abokin ubanta, Dakta Jozef, masanin shimi. Bai kore ta ba. Ya taimake ta ta auna dutsen har ta gane ko mene ne, sa'an nan ya ba ta kyautar akwatin kayan gwaji. Ta koma Ingila da akwatin, ta mai da wani ɗaki na saman gidansu wurin gwaje-gwajenta.

Ranar da ta cika shekara 16 uwarta ta ba ta wani littafi na wani masani mai suna Wiliyam Birag. A cikinshi ta karanta cewa ana iya leƙa cikin kiristal da hasken X, hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti.

3. Yadda ake ganin abin da ido ba ya gani

Kowane abu na duniya an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ake kira atom. Atom iri-iri ne. Idan suka haɗu suka ƙulle da juna, sai su zama molekil. Ruwa molekil ne, sukari molekil ne, magani ma molekil ne. Kowane molekil yana da siffarshi, kuma siffar ce ke sa ya yi aikin da yake yi. A cikin kiristal, molekil dubbai suna jere sahu-sahu, kamar tubali a jikin gini.

Ku dubi zanar da ke bisa rumfa da tsakar rana. Haske yana ratsa ta, ya zuba ɗige-ɗige a ƙasa. Mai lura, ko bai ɗaga kai ba, yana iya duban ɗigon hasken ya faɗi yadda aka saƙa zanar. Aikin Doroti ya yi kama da haka. Ana harba hasken X cikin kiristal. Hasken ya warwatse, ya bar ɗige-ɗige bisa takardar hoto. Sai a auna wurin kowane ɗigo da duhunshi, a yi lissafi, a zana taswirar da ke nuna mazaunin kowane atom. A wancan zamani babu kwamfuta. Da hannu ake lissafin, wata da watanni.

Doroti ta shiga jami'ar Oksfod a 1928, ta gama a 1932 da sakamako mafi daraja. Ta yi shekara biyu a jami'ar Kambirij wajen wani malami mai suna Jon Banal. A 1934 ta komo Oksfod tana koyarwa. Wurin aikin da aka ba ta wani ɗaki ne a ƙarƙashin gidan adana kayan tarihi na jami'ar.

A 1937 ta auri Tomas Hojkin, wanda daga baya ya zama masanin tarihin Afirka. Suka haifi ɗiya uku. Bayan haihuwarta ta fari, a 1938, ciwon gaɓoɓi ya kama ta da ƙarfi. Yatsunta suka kumbura, sannu a hankali suka karkace. Ga shi kuwa aikinta na yatsu ne, don kiristal ɗin da take ɗauka wani bai kai ƙwayar gishiri ba. Har ta kai kunna na'urar hasken yana yi mata wuya, sai da aka sa ma makunnin dogon mariƙi. Ciwon bai rabu da ita ba, ita kuma ba ta bar aiki ba.

4. Zoben pinisilin

A shekarar 1928, a birnin Landan, wani likita mai suna Aleksanda Filemin ya lura da cewa wata funfuna da ta faɗa cikin farantin gwajinshi ta kashe ƙwayoyin cutar da ke kewaye da ita. Ya sa ma ruwan funfunar suna pinisilin. Amma bai iya tace shi ya zama magani ba.

Shekara goma bayan haka, a Oksfod, Hawad Fulori da Anest Cen suka ɗauki aikin. A watan Mayu na 1940 suka sa ma ɓeraye takwas ƙwayoyin cuta masu kisa, suka ba huɗu pinisilin. Huɗun da ba a ba maganin ba suka mutu kafin safiya, waɗanda aka ba kuwa suna raye. A 1941 suka gwada shi ga wani ɗan sanda da ciwo ya ci ma jiki. Ya fara samun sauƙi, sai maganin ya ƙare. Har daga fitsarinshi aka riƙa tace shi ana sake ba shi, amma bai isa ba. Mutumin ya rasu.

Ana cikin yaƙin duniya na biyu, sojoji suna mutuwa da ruɓar rauni. Kowa yana son pinisilin mai yawa. Masana suka ce in an san siffarshi, mai yiwuwa a iya haɗa shi ba sai an jira funfuna ba. Amma gardama ta shiga tsakaninsu. Anest Cen da wani matashi mai suna Edwad Ebraham suna ganin akwai wani zobe mai atom huɗu a tsakiyar molekil ɗin. Robat Robinson, wanda shi ne babban malamin shimi na Oksfod, bai yarda ba. Shi da wasu manya suna ganin irin wannan zobe ya yi matsi da yawa.

Doroti ta shiga aikin tare da ɗalibarta Babara Lo, da wasu masana na wani kamfanin sinadarai. Samun kiristal na pinisilin ya yi wuya ƙwarai. Da aka samu, suka ɗauki hotunan iri uku, suka gwama su da juna, suka yi ta lissafi. A shekarar 1945, wajen ƙarshen yaƙi, taswira ta fito sarai. Zoben yana nan, atom huɗu: uku na karbon, ɗaya na azot. A jikinshi akwai wani zobe mai atom biyar. Daga gefe kuma wani reshe ya miƙe. Taswirar matar nan mai shekara 35 ita ta raba gardamar manya. Saboda sirrin yaƙi, ba a buga aikin ba sai 1949.

Sunan zoben mai atom huɗu beta-laktam. Ku riƙe wannan suna. Zoben a matse yake kamar tarkon da aka ɗana. Ƙwayar cuta irin ta bakteriya tana da katanga da take gina ma kanta. Idan pinisilin ya gamu da maginin katangar, sai zoben ya ɓalle, ya kama maginin ya riƙe shi. Katanga ta kasa ginuwa, ƙwayar cutar ta fashe. Ƙwayoyin jikin mutum ba su da irin wannan katanga, shi ya sa maganin ba ya fasa su.

5. Yadda jiki ke ƙin magani

Bayan yaƙi pinisilin ya bazu cikin duniya, ya ceci mutane masu yawan gaske. Amma likitoci suka fara ganin wasu mutane da jikinsu ba ya ɗaukarshi.

Tarko ba ya zaɓen abin da zai kama. Wani lokaci zoben yakan ɓalle a cikin jini, ya maƙale ma wani abu na jikin mutum. Jiki kuwa yana da masu tsaro, su ne ake kira garkuwar jiki. Aikinsu su gane baƙo su yaƙe shi. A wurin yawancin mutane ba su kula da maganin. A wurin wasu kaɗan sukan ɗauke shi abokin gaba, su riƙe kamanninshi. Ranar da ya sake shigowa sai su faɗa mashi da ƙarfin da ya wuce kima, har yaƙin ya cuci mai jikin.

Wani lokaci abin ƙaiƙayi ne da ƙuraje. Wani lokaci kuwa, cikin mintoci kaɗan ko awa ɗaya, fuska da harshe su kumbura, maƙogwaro ya toshe, jiri ya ɗebi mutum ya faɗi. Wannan shi ne mai haɗari. Maganinshi allurar adirenalin ce, kuma da gaggawa ake yinta.

6. Ɗan'uwa daga teku

A shekarar 1945, a tsibirin Sardiniya na ƙasar Italiya, wani malamin likita mai suna Jusefe Burotsu ya ɗebi ruwan teku kusa da inda ƙazamin ruwan birnin Kaliyari ke zuba. A ciki ya sami wata funfuna mai kashe ƙwayoyin cuta. Ba shi da kayan da zai ci gaba da aikin. A 1948 aka aika funfunar Oksfod. Edwad Ebraham da abokin aikinshi Gai Niyuton suka yi shekaru suna tace ta, har a 1953 suka fitar da wani sabon sinadari, sefalosporin C.

Aka sake kai ma Doroti kiristal. Ita da wani ɗalibinta mai suna Maslen suka zana taswirarshi, aka buga a 1961. Sai ga zoben nan mai atom huɗu a ciki, daidai da na pinisilin. Bambancin shi ne zoben da ke jikinshi atom shida ne, ba biyar ba. Ashe funfunar Landan da funfunar Sardiniya dangi ɗaya suka haifa. Zoben beta-laktam shi ne tsagar gadonsu, kamar yadda ake gane ƴan dangi ɗaya da tsagar fuska.

A 1964 aka fara sayar da magani na farko na gidan sefalosporin. Likitoci suka dubi taswirar suka yi tunani: tun da zobe ɗaya ne, jikin da ya ƙi pinisilin zai iya ƙin wannan ma. An kuwa ga wasu da abin ya faru gare su. Saboda haka aka daɗe ana koya ma ɗaliban likita cewa cikin mutum goma da suka ƙi pinisilin, ɗaya zai ƙi sefalosporin. Likitoci da yawa suka daina ba irin waɗannan mutane kowane magani mai zoben.

7. Lambar Nobel da sauran rayuwarta

Doroti ba likita ba ce, ba ta duba marasa lafiya. Aikinta zanen siffa ne, kuma kullum tana neman wadda ta fi ta baya wuya. Pinisilin yana da atom 41. Bitamin B12, wanda rashinshi ke kawo wani irin ƙarancin jini, yana da 181. Ta gama taswirarshi wajen 1955, da taimakon kwamfutoci na farko.

Mijinta Tomas ya yi yawo ƙasashen Afirka ta Yamma. A 1960 ya buga wani littafi da ya tattara rubuce-rubuce kan tarihin Najeriya, har da na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ɗanshi Muhammadu Bello. A 1962, zamanin shugaba Kwame Nkuruma, ya zama shugaban cibiyar nazarin Afirka ta jami'ar Gana. Doroti takan je can ta zamna tare da shi. Tana Gana, a watan Oktoba na 1964, labari ya iske ta cewa an ba ta lambar Nobel ta shimi, ita kaɗai. Ita ce mace ta uku da ta sami wannan lamba a fannin shimi, bayan Mari Kuri da ɗiyarta Iren. Duk da haka, wata jaridar Ingila da za ta ba da labarin sai ta kira ta matar gida ta Oksfod.

Akwai aikin da ya fi daɗewa a hannunta. Tun 1935 ta ɗauki hoton insulin na farko, maganin ciwon sukari. Atom ɗinshi sun kusa 800. Kayan aiki na lokacin ba su iya lissafinshi ba. Ta ajiye, ta komo, ta sake ajiyewa, ta sake komowa. Sai a 1969 ita da ɗalibanta suka gama. Shekara 34 ke nan.

Ɗakin aikinta ya tara ɗalibai daga ƙasashe da yawa, har da Indiya da Sin, maza da mata. Ɗaya daga cikin ɗalibanta na Oksfod, Magaret Taca, ta bar shimi ta shiga siyasa, ta zama firaministar Ingila a 1979. Daga 1976 zuwa 1988 Doroti ta shugabanci ƙungiyar Pagwash, ta masana masu neman a rage makaman nukiliya. Mijinta ya rasu a 1982. Da tsufa ya zo, ciwon gaɓoɓi ya sa ta cikin keken guragu, amma ba ta bar zuwa taron masana ba. Ta rasu ranar 29 ga watan Yuli na 1994, tana da shekara 84.

8. Abin da aka gane da taswirarta

Likitoci sun ci gaba da gwama siffofin magunguna da abin da suke gani ga marasa lafiya. Sannu a hankali suka gane cewa lissafin ɗaya cikin goma ya yi yawa. Dalili biyu ne suka kumbura shi. Na farko, sefalosporin na farkon zamani suna ɗauke da ɗan ɓurɓushin pinisilin tun daga wurin haɗa su. Na biyu, reshensu ya yi kama da reshen pinisilin.

Ku tuna da reshen nan da ya miƙe daga gefen zobe. Shi ne masu haɗa magani ke canzawa don su sami sabon magani. An gane cewa tsakanin pinisilin da sefalosporin, masu tsaron jiki sun fi duban reshe bisa ga zobe. Ga yadda abin yake:

Gidan pinisilin ya haɗa da pinisilin na allura, da ampisilin, da amoksisilin, da kuloksasilin. Amoksisilin, wanda ake ba yara masu ciwon huhu, pinisilin ne ko da sunanshi dabam. Wanda jikinshi ya ƙi ɗaya, ba a ba shi sauran sai likita ya bincika.

A gidan sefalosporin, wasu reshensu ɗaya ne da na wani pinisilin. Sefaleksin reshenshi ɗaya da na ampisilin. Sefadroksil reshenshi ɗaya da na amoksisilin. Waɗannan su ne ake gudu. Wasu kuwa reshensu bai yi kama da na kowane pinisilin ba, kamar seftiriyakson da sefazolin. Cikin mutum ɗari da suka ƙi pinisilin, kamar biyu ne ke ƙin irin waɗannan.

Akwai wani gida mai zoben da ake kira karbapenem, na manyan asibitoci. Masu ƙinshi cikin masu ƙin pinisilin ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Sa'an nan akwai gidajen da ba su da zoben ko kaɗan: eritromisin da azitromisin, doksisiklin, jantamisin, siprofuloksasin, da kotirimoksazol. Ƙin pinisilin bai shafe su ba, ko da yake jiki yana iya ƙin kowane daga cikinsu don kanshi.

Wannan sani ya shafe mu. Ƙasarmu tana cikin yankin da sanƙarau ke tasowa da rani, kuma seftiriyakson shi ne babban maganin da ake yi ma mai sanƙarau. In aka hana yaro shi don kawai an ce ya taɓa yin ƙuraje bayan ya sha amoksisilin, ana iya hana shi abin da zai ceci ranshi. In kuma aka ba mutum ɗan'uwan maganin da ya taɓa toshe mashi numfashi ba tare da tambaya ba, ana iya kashe shi. Duka biyun haɗari ne.

An kuma gane wani abu. A ƙasashen Turai da Amurka, kamar mutum ɗaya cikin goma yana cewa jikinshi ba ya son pinisilin. Da aka auna su, fiye da tara cikin goma suna shan shi lafiya lau. Wasu ƙurajen da suka yi tun suna yara na wata cuta ne dabam. Wasu zawo ne ko tashin zuciya, wanda ba ƙin magani ba ne. Wasu kuma da gaske jikinsu ya ƙi, amma ya mance: kamar takwas cikin goma suna rabuwa da abin bayan shekara goma. Amma wanda magani ya taɓa sa fatarshi ta saɓule, bakinshi da idonshi suka yi gyambo, shari'arshi dabam ce, likita yakan nisanta shi da dangin maganin.

Duk wannan hukunci na likita ne. Abin da yake tsayawa a kai shi ne sanin siffar magani, kuma taswira ta farko ta gidan beta-laktam hannun Doroti Hojkin ne ya zana ta, hannun nan mai karkatattun yatsu.

Abin riƙewa

In magani ya taɓa ba ka borin jini, ko kumburi, ko wuyar numfashi, ka riƙe sunanshi. Ka sa a rubuta shi cikin karnenka na asibiti.

Ka faɗa ma likita abin da ya faru, da shekarar da ya faru, da tsawon lokacin da ya ɗauka bayan shan maganin.

Kada ka sayi antibiyotik bisa tire a kasuwa. Launin kafso ba ya nuna danginshi.

In ka ga mutum ya kumbura ko numfashinshi ya toshe bayan magani, a kai shi asibiti nan take.

Kalmomi

Antibiyotik: magani mai kashe bakteriya ko mai hana su yaɗuwa.

Atom: ƙaramar ƙwayar da aka gina kowane abu da ita.

Molekil: atom biyu ko fiye da suka ƙulle da juna.

Kiristal: abu mai tauri wanda ƙwayoyinshi ke jere sahu-sahu.

Funfuna: abin da ke tsirowa bisa tuwo ko burodi in ya kwana biyu cikin laima.

Borin jini: ruɗu-ruɗu mai ƙaiƙayi da ke fitowa a fata.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Doroti, kuma a wace shekara?
2. Me ta tsinta a Hartum? Me aka ba ta kyauta?
3. Wace gardama ce ta raba a shekarar 1945?
4. Ta yaya pinisilin ke kashe bakteriya?
5. Mene ne ya haɗa pinisilin da sefalosporin? Mene ne ya bambanta su?
6. Don me ake gudun ba mai ƙin ampisilin sefaleksin?
7. Shekara nawa Doroti ta yi tana aikin insulin? Shekarunta nawa lokacin da ta gama?

Aiki

Ku narkar da gishiri cikin ruwan zafi har ya daina narkewa. Ku zuba ruwan cikin kwalba, ku rataya zare a ciki, ku ajiye ta inuwa inda ba a taɓa ta. Ku riƙa dubawa kowace safiya har mako biyu. Ku zana siffar abin da ya fito a jikin zaren cikin littafinku.